Kiran Birai A Daji: Magana Ce Ko Kuwa Kuka?

Darasin wannan mako zai leƙa wata tsohuwar mas'ala wadda malaman nahawu da na manɗiƙi suka daɗe suna tattaunawa a kanta, daga baya masu binciken dabbobi suka ɗauke ta suka shiga daji da ita. Mas'alar kuwa ita ce, sautin da dabba take fitarwa daga bakinta, magana ce ko kuwa kuka ne kawai?

Batun ba baƙo ba ne ga mai karatun Alƙur'ani. A cikin Suratun Namli, aya ta 16, an ba da labarin cewa an sanar da Annabi Sulaimanu, alaihis salamu, zancen tsuntsaye, aya ta 18 kuma ta kawo gargaɗin da wata tururuwa ta yi wa 'yan'uwanta sa'ad da runduna ta doso kwarinsu. Aya ta 38 ta Suratul An'ami ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne. Abin da aka bai wa Annabi Sulaimanu mu'ujiza ce, ba a auna ta da na'ura. Amma abin da sauran mutane za su iya tsinta ta hanyar lura da haƙuri, wannan fage ne buɗaɗɗe, kuma magabata sun shige shi. Jahizu, mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya tsaya a kan sautukan dabbobi a cikin Kitabul Hayawan, littafin da ya tara a kan halayensu.

Ɗalibin da ya fara Ajurumiyya a zaure ya san sharuɗɗa huɗu da malam yake tsayar da shi a kansu kafin a kira abu magana: ya zama furuci ne, ya zama an harhaɗa shi, ya zama yana da fa'ida ga mai ji, sa'an nan ya zama bisa wada'i. Masu sharhi sun kasu a kan wannan na ƙarshe. Waɗansu sun ce nufi ake nufi, don a fitar da sambatun mai barci da kwaikwayon aku. Waɗansu sun ce yarjejeniyar masu harshe ce. Malaman manɗiƙi kuma sun kasa dalala, watau yadda wani abu yake nuna wani, kashi uku. Hayaƙi yana nuna wuta ta hanyar hankali. Nishin majinyaci yana nuna ciwo ta hanyar ɗabi'a. Kalmar doki kuwa tana nuna wannan dabba ne saboda masu harshe sun ajiye ta a kanta. Har wajen tsakiyar ƙarni na 20, yawancin masana dabbobi a Turai da Amurka sun ɗauki kiran biri a matsayin kashi na biyu, watau nishi ne na tsoro ko na fushi, ba ya nuni ga kome a wajen jikin mai yin sa.

Abin da ya girgiza wannan ra'ayi ya fito ne daga Amboseli, wani daji a kudancin Kenya, kusa da gindin Dutsen Kilimanjaro. Akwai wani biri a can, ɗan'uwan kirka na kusa ƙwarai, mai baƙar fuska da toka-tokan jiki, har wanda ya san kirkar Yankari zai iya zaton ita ce. A 1967 wani Ba'amurke, Thomas Struhsaker, ya buga rahoto cewa waɗannan birai suna da kiran gargaɗi daban-daban bisa ga irin abokin gaban da suka hango. Idan damisa ce, sai su yi wani haushi mai ƙarfi. Idan gaggafa ce, sai wani gajeren sauti mai kama da tari, gaɓa biyu. Idan mesa ce, sai wani cacaniya mai kaifi. Masu musu suka ce ai wannan bai tabbatar da kome ba, domin mai yiwuwa ne sauran birai suna ganin dabbar da idonsu ne suke gudu, kiran bai ƙara musu sani ba.

Waɗanda suka warware wannan gardama su ne Robert Seyfarth da matarsa Dorothy Cheney, tare da malaminsu Peter Marler, a cikin sakamakon da suka fitar a 1980. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. Suka ɗauki kiraye-kirayen a rikoda, suka ɓoye lasifika a cikin ciyawa, suka jira lokacin da babu damisa, babu gaggafa, babu maciji, sa'an nan suka kunna, suna ɗaukar hoton abin da zai faru. Da aka saki kiran damisa, birai suka ruga suka haye itatuwa. Da aka saki na gaggafa, suka ɗaga kai sama, waɗansu suka faɗa cikin duhuwar sarƙaƙiya. Da aka saki na maciji, suka miƙe a kan ƙafa biyu suna duban ƙasa kewaye da su. An ƙara sautin, an rage shi, an tsawaita shi, an gajarta shi, amma irin kiran shi ne ya ci gaba da yanke abin da za su yi.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ke rataye a kan wannan bambanci, domin ba ado ba ne. Damisa tana fako ne a cikin duhuwa, don haka birin da ya ji kiranta ya shige sarƙaƙiya ya kai kansa mahalaka. Gaggafa kuwa tana sure biri ne daga ƙwanƙolin itace ko daga fili, don haka wanda ya ji kiranta ya haye sama ya miƙa mata wuya. Mafakar da take kuɓutarwa daga wannan ita ce tarkon wancan. Kira guda mai cewa a gudu, ba tare da bayanin daga wa za a gudu ba, ba zai wadatar da dabbar da take tsakanin waɗannan maƙiya ba.

Wani abin sha'awa shi ne halin 'ya'yansu. Jaririn biri yana yin kiran gaggafa idan ya ga kowane irin tsuntsu, ko da kurciya ce, har ma ganyen da ya faɗo daga sama. Yana yin kiran damisa idan ya ga gadu, yana yin na maciji idan ya ga wani dogon abu a ƙasa. Kuskure yake yi, amma kuskuren nasa yana da iyaka: ba ya kiran gaggafa saboda abin da ke tafiya a ƙasa. Watau an haife shi da manyan rukunai, na sama da na ƙasa da mai jan ciki, sa'an nan da girma yake tace su har su tsaya a kan ainihin masu cin namansa.

Sharaɗin fa'ida ke nan ya samu, kuma ya samu fiye da yadda aka zata, domin mai ji ba irin kiran kaɗai yake ganewa ba, har da mai yin sa. A nan Amboseli aka kunna kukan wani ɗan biri ga mata uku da suke zaune tare. Uwar ta juya wajen lasifika, sauran biyun kuwa suka juya suka dubi uwar. Sun san muryar, sun kuma san ɗan wace ce. Daga 1992 Cheney da Seyfarth suka koma Okabango ta ƙasar Botsuwana suna nazarin gwaggon biri, inda kowace mace take da matsayinta da ta gada daga uwarta. Suka riƙa harhaɗa muryoyi a rikoda yadda za a ji kamar wata na ƙasa tana yi wa ta sama barazana, ta saman kuma tana kukan tsoro. Masu sauraro suka riƙa daɗewa suna kallon wajen sautin fiye da yadda suke yi idan an kunna musu abin da ya dace da tsarin da suka sani, mamakin kuma ya fi yawa idan juyin ya tsallaka daga wani dangi zuwa wani. Dabbar da take mamakin jin talaka yana tsawata wa basarake, lalle tana riƙe da jerin sarautar garkenta a ka.

Sharaɗin harhaɗawa shi ne ya fi jawo ka-ce-na-ce, kuma ɗaya daga cikin manyan hujjojinsa a Nijeriya aka samo ta. A gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, ya kuma fi kowane gandun daji na tarayya girma a ƙasar, akwai wani baƙin biri mai farin tabo a hanci. Namijin da ke shugabantar garke yana da manyan kira biyu, ɗaya yana fita kamar fiyau, ɗayan kamar hak. Jerin hak yawanci na gaggafa ne, jerin fiyau kuwa na abin da ya taso daga ƙasa ne, har da damisa. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka bayyana a 2006 cewa idan namijin ya jera fiyau kaɗan, daga ɗaya zuwa uku, ya bi su da hak kaɗan, to saƙon ya sauya gaba ɗaya: garken sai ya tashi ya yi gaba. Yakan yi haka ko akwai maƙiyi ko babu. Da aka gwada da lasifika, matan suka amsa wa haɗin idan muryar namijinsu ce, suka yi biris da shi idan ta baƙo ce.

Jaridun duniya sun yi ta shela a lokacin cewa an gano jimla a bakin biri, amma a nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Jimla ita ce wadda ma'anarta take fitowa daga ma'anar sassanta, kamar a ce damisa ta zo. Haɗin fiyau da hak ba ya nufin damisa da gaggafa, yana nufin a tashi. Ya fi kama da abin da Bahaushe yake yi idan ya ce jan kunne ko cin fuska, inda babu kunnen da aka ja, babu fuskar da aka ci. Ɗalibin nahawu zai tuna da sunaye irin su Hadaramautu da Ba'alabakka, kalmomi biyu da aka narkar suka zama suna guda. Su kansu masu binciken sun karkata ga wannan fassara a wani aikin da suka fitar a 2012.

Misalin da ya fi kusa da ilmin sarfu ya zo ne daga dajin Tai, a kudu maso yammacin Kodebuwa, kusa da iyakar Laberiya. A can akwai wani biri da ake kira birin Kambel. Karim Ouattara da Alban Lemasson da Zuberbühler sun nuna a 2009 cewa namijinsa yana cewa kirak idan ya ga damisa, yana cewa hok idan ya ga gaggafa. Amma yakan liƙa wani ɗan sauti, uu, a ƙarshen kowanne. Kirak-uu ba damisa ba ce kuma, gargaɗi ne na gaba ɗaya a kan kowace irin hayaniya, hok-uu kuwa na abin da ke motsi ne a saman itatuwa. Ɗafa-ƙeya ke nan mai sassauta ma'ana. Don a tabbatar ba zato ba ne, sai aka yanke uu daga wani kira aka manna shi ga wani, aka kunna wa birin Dayana, maƙwabcinsa a wannan daji, wanda yake sauraron kiransa. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa birin Dayana yana firgita ƙwarai da kirak tsura, yana sassautawa idan da uu, ko da na manne ne. Akwai kuma wani kira mai zurfi, bum, wanda idan ya gabaci sauran yakan nuna abin bai kai na maƙiyi ba, kamar faɗuwar reshe.

A tsibirin Tiwai na ƙasar Saliyo akwai irin wannan biri, amma babu damisa. Can sai aka tarar kirak ya zama kiran gargaɗi na gaba ɗaya, har gaggafa ana yi mata shi. Sautin bai sauya ba, wurin amfani da shi ne ya sauya.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mabuɗin darasin, domin ita ce ta raba abin da biri yake iya sauyawa da abin da ba ya iyawa. A gandun Niokolo Koba na ƙasar Sanagal akwai wata kirka ta yammacin Afirka wadda take da kiran damisa da na maciji, amma ba a taɓa jin ta da kiran gaggafa ba. Julia Fischer, ta cibiyar nazarin birai da ke Gottingen a Jamus, ita da abokan aikinta suka tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi a samansu, tsayin kimanin mita 60, abin da biran ba su taɓa gani ba. Nan take suka yi kira, kiran kuma ya fito da siffar kiran gaggafa na 'yan'uwansu na Kenya, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da su ba. Bayan kwanaki aka kunna musu ƙarar jirgin kaɗai ta lasifika, sai suka ɗaga kai suna duban sama, har waɗanda sau ɗaya tak suka gan shi. An buga wannan a 2019. Kunne ya koyi sabon abu a zama ɗaya, baki kuwa ya koma ga abin da ya gada.

Gwaje-gwajen da suka gabata sun riga sun nuna haka. A 1973 masu bincike a Jamus suka reni 'ya'yan wani ƙaramin biri na Kudancin Amurka ba tare da sun taɓa jin muryar irinsu ba, duk da haka suka tashi da kiraye-kirayen irinsu. A Amurka an yi musayar jarirai tsakanin makak na Japan da makak na Indiya, kowane ya girma a hannun uwar goyo ta wani iri, rahoton 1993 ya nuna muryarsu ba ta sauya ba sai kaɗan, ko da yake iyayen goyon sun koyi gane su. A kwatanta wannan da jaririn Bahaushe da aka rena a Alƙahira, wanda zai tashi da Larabcin Masar ba tare da ko ɗigon Hausa ba. Idan wada'i yana nufin yarjejeniyar da al'umma take ƙullawa, ta koya wa 'ya'yanta, ta kuma iya sauyawa, to wannan sharaɗi bai cika a wurin biri ba.

An daɗe ana ɗora laifin a kan maƙogwaro, ana cewa siffarsa ce ta hana biri furuci. A 2016 Tecumseh Fitch da Asif Ghazanfar da abokansu suka ɗauki hoton cikin bakin wani makak da na'urar hoton ƙashi yana ci, yana hamma, yana kira, suka auna dukan siffofin da bakinsa da harshensa suke iya ɗauka. Suka tarar kayan aikin sun isa su fitar da wasula masu bambanci da za a iya gina kalmomi da su. Abin da ya rasa yana cikin ƙwaƙwalwa, watau ikon sarrafa waɗannan gaɓɓai bisa ga abin da kunne ya ji.

Akwai togiya. Mamoset, wani ɗan mitsitsin biri na Kudancin Amurka wanda uwa da uba suke renon 'ya'ya tare, yana yin kira bi da bi, ɗaya ya yi shiru har ɗaya ya gama. Binciken 2015 ya nuna jaririn da iyayensa suka fi amsa masa ya fi saurin barin gwalan-gwalan ya kama kiran manya. A dazuzzukan Ekwado kuma an sami bambancin kira tsakanin garkunan da suke zaune a yankuna daban-daban. Sassauci ne na gaske, sai dai gyaran abin da aka gada ne, ba ƙirƙirar sabuwar kalma ba.

Saura fassarar farko ta wada'i, watau nufi, kuma nan ne hujjoji suka fi cin karo da juna. Biri ba ya kira kamar ƙararrawar da aka taɓa. Macen kirka ta fi yawan gargaɗi idan ɗanta yana kusa fiye da idan ɗan wata ne. A tsibirin Sumatra an ga namijin wani biri yana ci gaba da gargaɗi har sai kowane ɗan garke ya amsa, kamar mai ƙidaya. A gandun Iguwazu na Ajantina, Brandon Wheeler ya ba da rahoto a 2009 cewa ƙananan birai kafucin sukan yi kiran maƙiyi alhali babu maƙiyi, daidai lokacin da manya suka mamaye ayabar da aka ajiye, manyan su watse, mai kiran ya dami rabonsa. Sai dai wannan yana iya zama abin da ya koya ne cewa kaza yana jawo kaza, ba lalle ya san yana dasa ƙarya a zuciyar wani ba. Hujja mafi nauyi a ɗaya ɓangaren ta fito daga Okabango. Ɗan gwaggon biri yakan ɓace daga garke ya yi ta kira, uwarsa tana ji, tana kuma gane muryarsa, takan ma duba wajen, amma galibi ba ta amsa masa don ya san inda take, sai fa idan ita ma ta rabu da garken. Uwar da ta gane cewa ɗanta bai san abin da ta sani ba, da ta amsa. A nan tazarar take tsakanin biri da ɗan Adam, kuma ta fi tazarar sauti faɗi nesa ba kusa ba. Kiran biri ya wuce nishin majinyaci, bai kai kalmar doki ba, kuma rabon nan na uku da malaman manɗiƙi suka yi bai tanadar masa gurbi na kansa ba.

Dajin Tai ya ƙara wani abu a kan iyawar kunne. Wani babban tsuntsu na wannan daji, dangin cilakowa, yana rarrabe kiran birin Dayana: idan na gaggafa ne sai ya matso yana ƙara, domin gaggafa tana cinsa, idan na damisa ne sai ya ƙyale. Shi kuwa birin Dayana yana yi wa damisa ihu ne saboda mafarauciya ce mai fako, da zarar ta san an gan ta sai ta bar wurin. Amma idan ya ji motsin cimfanzi, wanda yake bin biri har saman itace, ko motsin mutum mai bindiga, sai ya yi tsit ya sulale. Maharban yankin sun san haka, don haka sukan kwaikwayi kukan gaggafa ko na gada da ke cikin wahala don biran su yi kira su tona inda suke. Redouan Bshary ya gwada wannan kwaikwayo, ya buga sakamakon a 2001. Garkunan da suke zaune a sashen da ba a farauta sun ruɗu, sun amsa. Waɗanda suke zaune inda maharba suke shiga kuwa sun riga sun koyi bambanta kukan gaskiya da na bakin mutum, ba su ce uffan ba.